Tsinken da Kawu Yake Auna Suna

Da can, idan za a rubuta sunayen mutanen gari, sai an nemo mutum ya zauna da rula da fensir ya ja wa takarda layi kafin a ɗora ko harafi ɗaya. Yanzu a sakatariyar ƙaramar hukumar Isa maɓalli ake latsawa, takarda ta fito da gidajenta a shirye, gidan suna da gidan unguwa da gidan dangwale, kowanne daidai abin da ke cikinsa. Masu latsa maɓallin ba su san an yi shekarar da faɗin gida guda a takarda ya hana ƙauyuka uku abinci ba. Wanda ya fi kowa sanin wannan mun kai shi makwancinsa ranar Talatar da ta wuce. Ƙanin mahaifiyata ne. Kawu muke ce masa, har waɗanda ba su haɗa jini da shi ba.

Zaman makokin bai yi kama da na tsohon da ya ga jikokin jikokinsa ba. Bana ruwa ya makara, shukar farko ta ƙone a Turba da Kamarawa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya shafa fatiha sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas. Wani arɗo daga rugagen Tozai ya zauna kusa da ni tun hantsi, sai da zai tashi ya ce mini da Fulatanci, a wancan farin albarkacin bakin mutumin nan ya ci abinci. A cikin gida kuma wata tsohuwa daga Turba ta kama hannun matar Kawu tana kuka, ana jin muryarta har zaure.

"Inna, in anka koma rubutun suna bana, wa za ya tsaya muna?"

A zaure ma kowa ya san ba kukan mamaci kaɗai take yi ba. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kawu akawu ne mai tafireta, tun zamanin En'e har aka yi ƙananan hukumomi. Ɗabi'arsa guda ce kowa ya san shi da ita: ba ya jan layi sai ya karanta jerin sunayen tun daga farko har ƙarshe. In ya gano sunan da ya fi kowanne tsawo, sai ya buga shi a gefen wata takarda, ya zaro tsinken tsintsiya daga bayan kunnensa, ya ɗora a kai, ya karya daidai tsawon sunan da ɗan ƙari. Da wannan tsinken yake auna faɗin gidan suna. Sauran gidajen ma haka, kowanne da tsinkensa. Shugabanninsa sun sha faɗa da shi a kan ɓata lokaci da ɓata takarda. Amsarsa ba ta canzawa: "Ban jan layi sai na ga na ƙarshe."

A gida ma haka yake. Ƙofar zaurensa ta fi ta kowa tsawo a unguwar, domin ya sa magini ya auna ta da wani dogon Buzu mai kawo masa kanwa sau ɗaya a shekara. Inna, matarsa, ta ce shekara hamsin tana jin sanyi saboda baƙon kwana ɗaya. In aka kawo masa ƙara tsakanin 'yan'uwa, sai ya gajiyar da kowa, domin ba ya cewa uffan sai wanda ya fi kowa ƙanƙanta a wurin ya yi magana.

Ni na yi yawo. Na zauna Maraɗi da Agadas, na yi shekaru a zangon Kumasi, na ratsa Sudan har Jidda, kuma ko'ina an rubuta sunana a takarda. Akawun Faransa yana son sunanka da na ubanka, shi ke nan. Balarabe yana bin ka har kakan kakanka. Takardar Ingilishi tana tambayar sunan dangi, abin da ba mu da shi. Na lura duk wanda ya tsara takarda da irin sunansa yake auna ta. Mu kuwa a ƙasar Gobir rabin mazan gari Muhammadu ne, sauran Abubakar da Umaru da Usmanu. Abin da ke raba mutum da mutum a ƙarshen suna yake zuwa: sana'arsa, ko unguwarsa, ko laƙabin da kakarsa ta sa masa. In ka yanke ƙarshen, ka haɗa mutum goma ka yi mutum ɗaya.

Fari biyu manya na gani. Na farko ina saurayi, Kawu ne ya buga takardun rabo da tafiretarsa, ban ji an yi rigimar suna ba. Na biyu ya same ni na dawo gida da furfura, shi kuma ya yi ritaya. Damina biyu a jere gero bai kai ga fitar da kai ba. Mata suna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don a rage ɗacinsu, wasu suna tona gidan tururuwa. Shanun Fulani suna kwantawa a bakin gulbi ba su tashi. A kasuwar Sabon Birni na ga mutum yana tallan ƙyauren ɗakinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun ƙauye, ka shiga da rana tsaka ba ka ji sakwar turmi ko ɗaya ba.

Wata ƙungiyar agaji ta zo da alkawarin tsaba. Saboda ina jin Fulatanci da Turanci, aka ɗauke ni in rubuta magidantan Turba da Tozai da Kamarawa da rugagen da ke kewaye. Kafin in fita Kawu ya ce in rubuta kowa yadda maƙwabcinsa ke kiransa, kada in taƙaita. Haka na yi. Aka kwashi littattafaina aka kai Sakkwato, aka zuba sunayen a kwamfuta, wadda a lokacin sabuwar aba ce a ofisoshi. Bayan mako uku motocin tsaba suka iso tare da takardun da injin ya buga.

A filin makarantar Turba aka fara. Mutane sun taru tun asuba da buhunan wofi, 'yan sanda biyu suna tsare da layi. Jami'in rabon, wani mai tsananin kiyaye doka da aka turo daga Sakkwato, ya buɗe takarda ya kira, "Muhammadu Bello."

Mutum uku suka miƙe.

Ya dubi takarda. Muhammadu Bello sau uku a jere. A ƙasa Muhammadu Sani sau huɗu. Ya buɗe shafi na gaba, haka. Ya zaro jan biro ya juyo gare ni.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma mutane daban-daban na. Wancan Mai Rini, wancan Ɗan Goggo, wannan kuwa na Bakin Rijiya."

"Ina aka rubuta haka a nan? In na kira sunan nan a kasuwa mutum ɗari za su tashi. Kun maimaita suna don ku kwashi buhuna, na san irinku."

Na Bakin Rijiya dattijo ne siriri, mai baki goma sha ɗaya a gidansa. Ya matso ya durƙusa. "Yallaɓai, ni dai ba a maimaita ni ba. Ni ɗaya na."

Jami'in bai dube shi ba. Ya ce an dakatar da rabo a ƙauyukan uku sai an yi bincike, a kulle sito, ni kuma a tafi da ni Sakkwato. Na taɓa shiga hadari a teku, na taɓa kwana a hannun sojan kan iyaka, amma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin da aka sa ni a bayan mota aka rufe ba. Ba wanda ya yi ihu. Mutane suka tsaya da buhunansu suna kallona kawai, waɗanda na ci tuwon gidajensu a shekarun ƙoshi. Ban san ko su ma sun yarda na sayar da su ba.

Hakimi ya tsaya mini aka bar ni in kwana gida. Da safe na kai wa Kawu kwafen takardar. Ya sa tabarau, ya karanta tun daga farko har ƙarshe kamar yadda ya saba, ni ina ji kamar in fizge. Sai ya zaro tsinke ya ɗora a kan suna ɗaya, ya gangara da shi layi bayan layi.

"Ɗana, dibi nan. Wanga Abubakar Mai Ƙa. Ka taɓa jin mai ƙa?"

"Mai Ƙaho na rubuta, na Kamarawa."

"To ƙirga. Harafi goma sha biyar, da gurbin tsakani. Wanga ma sha biyar. Duk dogon suna nan ya tsaya, kamar an sa lauje. Allah bai yi sunaye tsawo ɗaya ba. Ba ƙara mutane anka yi ba, datse su anka yi."

Ya sa babbar rigarsa muka tafi masaukin jami'in. Nan na ga faɗan da ban taɓa ganin Kawu ya yi ba. Jami'in ya ce kwamfuta ba ta kuskure. Kawu ya ce shi bai ce ta yi kuskure ba, an ce ta yanke ne ta yanke, wanda ya ja mata layi shi ne bai ga na ƙarshe ba. Jami'in ya ce tsoho ya koma gida ya ja carbi. Kawu ya ce carbinsa ma ƙirga ne, kuma shi ya yi shekara talatin da biyar yana buga sunayen mutanen nan tun jami'in yana goye. Ya ajiye tsinken a kan teburin ya ce a gwada da kowane shafi, in an sami suna guda da ya wuce shi, a ɗaure su tare da ɗan 'yar'uwarsa. Jami'in ya gwada shafi huɗu, fuskarsa ta sauya. Bai ba da haƙuri ba, bai kuma buɗe sito ba, domin a cewarsa doka ba ta san tsinke ba sai takarda. Amma ya yarda Kawu ya bi mu Sakkwato.

A hanya muna bayan mota da ɗan sanda a tsakaninmu. Muka wuce mutane suna tafiya a ƙasa da kaya a ka, sun nufi kudu. Kawu yana bin su da ido har su ɓace. Ya ce mini a hankali, kowane yini da muka ƙara, wani gida zai tashi.

Mai kula da kwamfutar wata malama ce Bayarabiya haifaffiyar Sakkwato, mace mai 'ya'ya manya, Hausarta ta fi tawa. Tana ganin zanen fuskar Kawu ta ajiye aikinta, domin tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa.

"Yau ga bawana ya zo gaisuwa. Baba Bagobiri, ku da kunka saba jan layi har a kumatu, mi ya kawo ka?"

"Na zo in ga ɓarnar da baiwata ta yi. An ba ki mutane ki rubuta, kin yanka su kamar kuɓewa."

Ta yi dariya, amma da ya shimfiɗa takardar ya ɗora tsinke sai dariyar ta tsaya. Ta latsa wasu maɓallai, sunayen suka bayyana a gilashin injin, cikakku, yadda na rubuta su: Muhammadu Bello Mai Rini, Muhammadu Bello Ɗan Goggo, Muhammadu Bello na Bakin Rijiya. Ta ce sunayen suna nan lafiya a cikin injin, wajen fitowa takarda ne ake yanke su, domin an aiko musu tsarin takardar daga wani wuri da faɗin kowane gida a ƙayyade.

Kawu ya nuna gidan da aka rubuta Ƙaramar Hukuma a kansa. "Wanga fa? Isa, Isa, Isa har ƙasa. Harafi ukku kun ba shi ɗaki da zaure, magidanci da iyalinai kun sa shi akurki."

"Kan gidan ne mai tsawo, Baba, shi ya sa."

"To ki yanke kan, ki bar mutum. Abin nan naki yana iya karanta sunayen duka kafin ya ja layi?"

"Kafin ka yi atishawa ya gama."

"Mi ya hana shi?"

Ta juya ta dubi injin. Sannan ta ce, "Ba wanda ya ce masa ya yi."

Yini guda ta kwashe tana koya wa injin abin da Kawu ke yi da tsinke: ya duba kowane gida, ya nemo abin da ya fi tsawo a ciki, ya buɗe faɗinsa daidai nan, ya matse waɗanda ba su bukatar wuri. Bugun farko gidan suna ya buɗe har ya ture gidan dangwale ya faɗa bayan takarda. Wata mata ce ta jawo, Hauwa'u Uwar Tagwaye ta Gidan Sarkin Ruwa, sunanta ya fi na kowa. Malamar ta juya takardar ta kwantar da ita don ta ƙara faɗi, ta ce irin wannan dogon suna injin zai lanƙwasa shi ya sauko layi na biyu. Kawu ya yi gunaguni, sannan ya ce a lanƙwasa ɗin ya yarda, yanka ne bai yarda ba.

Bugu na biyu ya fito ranar Laraba da hantsi, sunaye cikakku. Motar Isa tana waje direba yana danna oda. Na ɗauki takardun za ni fita, Kawu ya riƙe hannuna. Ya ɗora babban yatsansa a gidan dangwale, yatsan ya haye layi sama da ƙasa.

"Bai yi ba. Nawa yatsan na akawu na. Maƙerin Kamarawa in ya dangwala zai rufe gida biyu. Su hau juna, wancan mai jan biro ya ce mutum ɗaya ya dangwala sau biyu, ya sake kulle sito."

"Baba, wannan zai wadatar," in ji Malamar. "Mutane na jiran abinci."

"Kawu, don Allah mu tafi," na ce.

Ya ƙi. Ta sake gyarawa, wutar lantarki ta ɗauke ana cikin bugawa, mota ta tafi ta bar mu. Sai Alhamis muka taso.

Ranar Juma'a aka buɗe sito a Turba. Jami'in da kansa yake kira, yana karanta kowane suna har ƙarshensa. Mai Rini ya karɓa ya dangwala. Ɗan Goggo ya karɓa. Jami'in ya kira Muhammadu Bello na Bakin Rijiya. Ya sake kira. Kawu ya ce a kira karo na uku. Sai mai unguwa ya matso ya ce mutumin ya tashi da iyalinsa jiya Alhamis da asuba. Ya jira har yammacin Laraba a bakin hanya, domin an ce ranar za mu dawo. Da motar Isa ta wuce babu mu, ya ce ƙaramar 'yarsa ba za ta kai wani mako ba, gara su mutu suna tafiya.

Na dubi Kawu. Leɓensa kawai ke motsi. Jami'in ya ɗaga jan biro zai soke layin, Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kai, jami'in ya mayar da biron aljihu. Aka tura mai keke ya bi hanyar kudu yini biyu, bai same su ba. Daga baya duk inda tafiya ta kai ni na tambaya, a tashoshin mota da zangon baƙi har Kumasi. Ban taɓa samun wanda ya gan su ba.

Sauran gidajen sun ci. Rabon ya tafi har Tozai da Kamarawa da rugage babu rigima ko ɗaya, maƙerin ma ya dangwala yatsansa ya zauna cikin gidansa daidai. Ni aka wanke ni. Bayan wata guda jami'in ya zo zauren Kawu da ƙullin goro, ya zauna ya sha ruwa, suka yi hirar damina, ya tafi. Wannan ce haƙurinsa, Kawu kuma ya karɓa.

Amma maganar Laraba ba ta bar shi ba. Shekaru bayan haka, muna zaune, sai ya ce, "Ɗana, da mun ɗauki bugu na biyu fa?" In ce masa da wataƙila an sake kulle sito, gidaje da yawa sun tashi. Ya ce wataƙila. In ce ya ceci ƙauyuka uku. Ya ce, "Ban da gida ɗaya." Ban taɓa iya ce masa ya yi daidai da zuciya ɗaya ba, ban kuma taɓa iya ce masa ya yi kuskure ba. Ya san haka, shi ya sa ni yake tambaya.

Da muka buɗe akwatinsa bayan addu'ar uku, a ƙarƙashin rigunan muka sami kwafen shafin nan na Turba a ninke, duk gidajen dangwale da tawada sai guda ɗaya fari. Tsinken yana cikin ninkin. Inna ta ce duk shekarar da ruwa ya makara sai ya fito da shi ya duba.

Ina rubuta wannan gabas tana nan fes babu gajimare, an yi roƙon ruwa sau biyu. Ina jin tsoron abin da ke tafe, kuma tsufa bai rage mini tsoron ba. Tsohuwar Turba da ta yi tambaya, ga abin da zan iya ce mata: in an rubuta sunanki bana, zai fito cikakke. Malamar nan ta bar gyaran a cikin injin, waɗanda suka gaje ta suka ɗauka, har ya zama haka kowa ke yi. Wanda zai ce a kira karo na uku ne ban san ko akwai ba.

Allah Ya yalwata wa Kawu kabarinsa fiye da yadda ya yalwata wa mutane a takarda, Ya gafarta masa Laraba, Ya ba mu ruwa. Tun daga waccan shekarar ba a sake datse sunan kowa a takardar rabo a ƙasar Isa ba, shi kuma bai sake jan layi da hannunsa ba har ya rasu.